Ɗamarar Reshe Mai Zobe Biyu

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Tudun Wada, a ƙofar masallaci, har wurin mai shayi, kowa so yake ya ji abin da ya kai mai saran itace Alƙahira, garin da malamai ke zuwa neman ilimi. Wani ya ce aure na je yi, wani ya ce ai jirgin ne ya yi ɓatan kai da ni. Kowa nakan ba shi guntun labari in tsallake wurin da ba na so a ji. To na gaji da tsallake. Ga shi nan duka, mai dariya ya yi sau ɗaya mu huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, kuma ni da yayana Habu gadon hawan itace muka yi. Rimi, maɗaci, mangwaro, darbejiya, duk wanda reshensa ya tasam ma rufin gida a Zariya, mu ake kira. Yadda muke aiki shi ne ka hau, ka ƙulle igiya a can sama, ka ɗaura ɗaya bakin a ƙugu, ka yi saranka. In ka ce ratayo ta kawai za ka yi a reshe don ka janye daga ƙasa, ɓawon itacen ya cinye ta, ko ta maƙale a tsakanin rassa. Saboda haka in an gama sai ka koma wurin ƙullin ka kwance, ka jefo igiyar ƙasa, ka sauko da hannu da ƙafa. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Abin alfahari ma ne, da shi ake gane ɗan gado.

Bara bayan babbar sallah Yaya Habu ya faɗo daga kan maɗaci a irin wannan saukowa, kuma tun ranar bai ƙara taka ƙafarsa ba. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawarin ba zan sake saukowa daga kan itace ba tare da igiya a jikina ba. Na yi alkawarin don ban isa in ƙi ba, amma ban san yadda zan cika shi ba, ga gida biyu sun dawo wuyana, kuma ban iya wata sana'a ba.

Ana cikin haka Malam Nasiru, abokina na ƙuruciya da ya daɗe yana karatu a Alƙahira, ya turo mini wani bidiyo ta waya. Wani tsoho ne ya sauko daga kan itace a kan igiya, ya tsaya a ƙasa, ya ɗaura wani ɗan abu a bakin igiyar, ya ja, sai ga igiya da maɗaurinta duk sun sauko gabansa. Na kalla ya fi a ƙirga, ina cewa haɗin waya ne. Malam ya rantse da idonsa ya gani, ran da ya je sabunta fasfo a unguwar Zamalek. Wani Alhaji da nake kula da itatuwan gidansa ya ga bidiyon, ya san halin da Yaya yake ciki, ya ɗauki nauyin tafiyar, Allah ya saka masa.

Na bar Zariya da hantsi. Kafin Kwanar Dangora tayar motarmu ta fashe, muka yi cirko-cirko a bakin titi, direba na ta ba da haƙuri, ni kuwa ina leƙen agogon kowane fasinja ko zan sami wanda yake baya. Na isa filin jirgin Kano da gumi har cikin takalmi. Game da jirgi ba ni da abin cewa, don tun da ya ɗaga na rufe ido. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke kusa da ni, da ta ji sana'ata, sai da ta yi dariya har ta ƙware, wai mai hawan rimi ya ƙanƙame kujera kamar za a ƙwace masa.

Da muka sauka, jami'in shige da fice ya juya fasfona, ya duba katin allura, ya tambaye ni da Turanci abin da na zo yi. Turancina bai kai nan ba, Larabcina kuwa na sallah ne. Sai na rungumi iska na shiga nuna masa hawa da hannu da ƙafa. Mutumin ya zuba mini ido, ya kira na kusa da shi, ya ce in sake. Na sake. Suka kira na uku. Sai da Hajiyar nan ta kutso daga baya ta yi musu bayani da Larabcinta na kasuwa, sannan ya buga mini hatimi yana share hawaye. Abin da ya ɗaure mini kai, wanda ya gama yi mini dariya shi ne ya dafa ƙirji ya ce na haskaka Masar. Na fito ina jin kaina wani ne, har Malam Nasiru ya gaya mini haka suke ce wa kowane baƙo.

Malam a unguwar Abbasiya yake zaune, hawa na bakwai, a wani gida da suke kira shaƙƙa. Muna shiga lifta, ta motsa, sai na ji murya daga rufinta ta ɗauki addu'ar hawa abin hawa. Na daka tsalle har kaina ya bugi ƙarfe. Malam ya ce rikoda ce, haka da yawansu suke. Na ce masa in dai har masu lifta sun ga ya dace a riƙa yi mata addu'a, ni da ƙafa zan riƙa hawa, kuma haka na yi har na bar ƙasar. Washegari da safe ina tsaye a ƙofar gida sai kwando ya sauko daga sama ya tsaya daidai hancina. Na ɗaga kai, wata tsohuwa ce a hawa na biyar riƙe da igiya tana yi wa mai gurasa ihu. Ya zuba mata, ta ja abinta, ba wanda ya ko waiwaya sai ni.

Abinci kuwa, ku da kuke raina ƙosai da koko ku gode Allah. Karin safe wake ne da aka dafe har ya mutu, a zuba mai, a dangwala da gurasa. Da rana aka kawo mini wani abu wai shi koshari, shinkafa da taliya da wasu 'yan wake a kwano ɗaya da soyayyar albasa a sama. Na ɗauka ragowar abincin jiya aka haɗa mini don an ga baƙo ne, har raina ya ɓaci, sai na ga wani mai kwat da nakatayal yana cin irinsa yana lumshe ido. Ba don yajin da matata ta cusa mini a jaka ba, da na dawo kamar sillen kara. Tsallaka titi shi ma wani ilimi ne. Ba mai tsayawa, ba mai rage gudu, sai dai ka shiga tsakanin motoci kana tafiya suna kauce maka. Malam ya ce in riƙa laɓewa a gefen duk Bamisiren da na ga zai tsallaka. Akwai ran da na bi wani dattijo ƙafa da ƙafa har ya juyo yana dafe aljihunsa.

Ran da za mu fara zuwa Zamalek muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Cunkoso ya raba ni da Malam, na ga wani tarago da sarari na faɗa ciki, ƙofa ta rufe. Ina juyowa na ga mata ne zalla, ido ya fi ɗari a kaina. Wata mai jiki ta fara yi mini faɗa da hannu biyu, ni kuwa na juya musu baya na manna goshi da ƙofa ina ta faɗin ma'alish, kalmar ban haƙuri da na koya a jiyan. Ban taɓa ganin tasha mai nisa irin wannan ba.

Zamalek tsibiri ne a tsakiyar kogi, unguwar jakadu, shiru kamar ba a garin take ba, ga manyan itatuwa ko'ina. A lambun wani gida muka sami tsohon cikin bidiyon. Usɗa Ragab ake ce masa, usɗa kuwa shi ne ƙwararren mai sana'a. Gajere ne mai tumbi, gashin baki fari fat, in a hanya ka gan shi ba za ka ce zai iya hawa kujera ba. Ya ba mu shayi, ya kama tafin hannuna ya duba kanta, ya gyaɗa kai. Da na fito da shuɗiyar igiyata ta roba da na zo da ita daga gida, ya jujjuya ta, ya tambayi Malam ko ta shanya ce. Na cije. Sai Malam ya yi masa bayanin yadda muke saukowa da abin da ya sami Yaya Habu. Usɗa ya ajiye kofinsa. Can ya ce a tambaye ni mu nawa muka rage a sana'ar. Na so in ji haushi, amma da na fara lissafa waɗanda na sani a zuci sai na ga da yawansu ƙasa ta karɓe su.

Kwana tara na yi ina bin sa. Ya koya mini sa ɗamarar ƙugu, da ƙulle-ƙullen da ke riƙe mutum ko ya saki hannu, da yadda ake cilla 'yar jaka mai nauyi ɗaure da siririn zare ta tsallaka reshe a jawo igiya da ita. Ya ɗora hannuna a kan wani reshe da igiya ta taɓa gurzawa, ya ce ran itace a ƙarƙashin ɓawon nan yake, in igiya ta ƙone shi reshen ya fara mutuwa daga nan. Na tuna rassa nawa na gani sun bushe a gidajen da muka yi aiki, muna cewa gara ce.

Abin da ya kawo ni kuwa, yana kiran sa da wani sunan Turanci da ya ƙi zama a bakina, ni dai ɗamarar reshe nake ce masa. Ɗamara ce mai faɗi da ƙarfi, da zobe a kowane baki, ɗaya babba ɗaya ƙarami. A yafa ta a kan reshe, zobban su reto, a zura igiya ta cikinsu. Igiya tana gudu a cikin ƙarfe ke nan, ba ta taɓa ɓawo, ita ba ta ci ba, itacen bai ci ba. In ka sauko, sai ka ɗaura wata 'yar ƙwallo a bakin igiyar da ke ɓangaren babban zobe, ka ja ɗaya ɓangaren. Ƙwallon ta hau, ta wuce ta babban zobe, ta maƙale a ƙaramin, ta fizgo ɗamarar gaba ɗaya. Duk sirrin ke nan. Da na fahimta sai da na zauna a ƙasa. Zobe biyu da ƙwallo ɗaya, abin da ya raba Yaya Habu da ƙafafunsa ke nan.

Ana jibi zan tafi Usɗa ya buɗe wani akwatin katako ya baje irinsu a kan ciyawa, ya ce in zaɓi wadda zan kai gida. Hannuna ya fara zuwa kan wata ta fata, kamar kube, don na san in ta lalace dukawanmu za su ɗinka mini wata. Ya ce ta fi dacewa da ƙananan rassa masu santsi, a kan babban reshe mai kaushi zamewa take yi ta bar igiya a kan ɓawo. Akwai mai 'yar taya a ciki, igiya na tafiya a kanta kamar an shafa mai, amma ya tambaye ni in yashi ya shige ta wa zai gyara mini a garinmu, na mayar na ajiye. Ya tambayi kaurin rassanmu, na buɗe hannu biyu na nuna masa reshen rimi. Ya ce wa Malam ya gaya mini in ji tsoron Allah in rage ƙari. Sai da na nuna hoto a waya sannan ya zaro mafi tsawo, ya ce gajeriya ba za ta zagaye ba, zobban za su kwanta a jikin ɓawo su danne igiya.

Dogayen guda biyu ne. Ɗaya zobbanta marasa nauyi, babban ja, ƙaramin ruwan ɗorawa. Ɗaya kuma baƙin ƙarfe zalla, zobban duk kala ɗaya, in ka ɗaga kana jin nauyi. Usɗa ya ce ƙarfen ya fi jure yashi da faɗuwa a kan siminti, amma mai kalar daga ƙasa kana gane wane zobe ne wane, kuma ga sabon hannu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ce wa Malam ya gaya masa ni ba awarwaro na zo saya wa amarya ba. Na ɗauki ƙarfen. Usɗa ya ɗaga kafaɗa ya ce tamam, wato shi ke nan.

Washegari, ranar ƙarshe, ya ce in yi komai ni kaɗai a kan wata doguwar bishiyar zaiti da ke ƙarshen lambun. Na hau, na yafa ɗamarata, na sare busassun rassa biyu, na sauko a kan igiya lafiya lau. Daidai nan matar gidan ta aiko kiran Usɗa, ya ce in jira shi. Ban jira ba. Na ɗaga kai, rana na dukan idona, zobban nan biyu sun haɗe wuri ɗaya ba ka bambance su. Na yi canke, na ɗaura ƙwallo, na ja. Ta hau sumul, sai na ji ƙas. Na ƙara ja, ko motsi. Ta ɓangaren ƙaramin zobe na tura ta, ta danne shi a jikin babban, ɗamara da igiya duk sun kulle a sama.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Abin da na sani kawai, ba na so tsohon nan ya dawo ya ga awarwaron da na raina shi ne gaskiya. Na cire takalmi, na kwance ɗamarar ƙugu don tana takura ni, na rungumi itacen. Ina jin Malam yana kiran sunana, ban waiwaya ba. Kafin ya gama salati na kai. Na zare ƙwallon, na zame igiyar daga zobban, na jefar da ita ƙasa, na bi ta da ɗamarar reshen.

Sai da na ji faɗuwarsu a kan ciyawa sannan na gane abin da hannuna ya yi. Shekara ashirin da wani abu yana yin haka, bai nemi izinina ba. Ga ni a ƙololuwa, ba igiya, ba komai, daidai yadda Yaya ya tsaya kafin ya fara saukowa. Na dubi gangar itacen, santsi kamar an goge ta da sabulu. A karon farko a rayuwata ƙafata ta kama rawa a kan itace, rawar da ba na iya tsayarwa.

Zan iya saukowa, wannan na sani, ko dai ina zaton na sani. Mintuna kaɗan ne, kuma kafin Usɗa ya fito an gama, ba mai ji a Zariya. Har na miƙa ƙafa ina laluben wurin takawa. Malam ya ɗaga murya daga ƙasa.

"Isuhu, halas, ya isa haka, zauna inda kake. Ni zan gaya wa Habu ka karya alkawari ko kai?"

Na janye ƙafata. Na hau reshen kamar mai hawan jaki, na rungume shi, na zauna.

Usɗa ya fito ya ga kaya a ƙasa, ya ɗaga kai ya gan ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko 'yar jakarsa ya fara cillawa. Iska ta hana, sau biyar tana kaucewa. Kafin nan mai gadin gidan ya zo, direbobin maƙwabta sun zo, masu aikin gidan jakadan da ke kallon lambun sun cika baranda, wata ma da waya a hannu. Ɗan gadon Zariya a rungume da reshe ana ƙoƙarin ceto shi kamar mage. Kunyar da na ji a wannan zaman ban taɓa jin irinta ba, kuma sau biyu zuciyata tana ce mini in sauka kawai kowa ya watse. A na shida zaren ya faɗo kusa da ni. Na jawo igiya da ɗamarar ƙugu da ta reshe, na ɗaura komai yadda ya koya mini, na sauko.

Ina taka ƙasa Usɗa ya miƙo mini takalmana. Ya sauko da ɗamarar reshen da kansa, ya shiga ɗakin kayansa ya fito da jan fenti, ya shafe babban zoben ta baya, ya rataye a rana. Da zai ba ni ya ce wa Malam ya fassara mini kalma da kalma: hawan da na yi ya ga irinsa da yawa, zaman ne bai cika gani ba.

Na iso gida ranar Laraba da la'asar. Kafin in shiga ɗakina na wuce wurin Yaya Habu. Yana kwance a tabarma a zaure, na ajiye masa ɗamarar a ƙirji, ya yi ta juya zobban yana sa ƙwallon tana wucewa ta babban tana tsayawa a ƙaramin. Na ba shi labarin lifta da taragon mata, ya yi dariya har da tari. Na yi niyyar tsayawa nan, amma na kasa, na gaya masa na zaitin duka, har rawar ƙafar. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya ajiye ɗamarar a gefe. Sannan ya ce, "Ni ma ranar ƙafata ta yi rawa, Isuhu. Na san ba daidai nake ba tun kafin in fara saukowa."

Na ce, "Yaya, to me ya hana ka ce a cillo maka igiyar?"

"Kai ne a ƙasa," ya ce. "Ni na koya maka hawa. Kunyarka na ji."

Na gyara masa matashi, na zauna a gefensa har aka kira magariba.